Galahanga da Keɓaɓɓiyar Baiwa: Abin da Aka Gano da Yadda Lamarin Yake a Ƙasar Gandi

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce da ke tasowa tare da ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ta kuma zauna da shi har tsufansa. Ta fuska biyu ake gane ta. Ta farko ita ce wahalar cuɗanya da mutane: yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya nuna wa uwarsa abin da ya ba shi sha'awa, maganarsa ta yi jinkiri ko ta zo a wata siga ta daban. Ta biyu ita ce nacewa a kan abu ɗaya: maimaita motsi, jera duwatsu ko murafen kwalba a layi, da tashin hankali mai tsanani idan aka sauya masa hanyar da ya saba bi ko kwanon da ya saba ci a ciki. Da yawansu kuma ƙara, haske, wari ko taɓawar wani tufafi na damun su fiye da yadda suke damun sauran mutane.

A cikin masu wannan lalura akwai 'yan ƙalilan da ke da wata baiwa guda da ta yi wa sauran iyawarsu fintinkau. Za a tarar da wanda ba ya iya ɗaura tazugen wandonsa, amma idan aka faɗa masa ranar haihuwar mutum zai ce Talata ce, kuma a duba a ga Talatar ce. Turawa sun aro kalmar Faransanci, savant, wato masani, suna kiran irin wannan mutum da ita. A nan za mu kira ta keɓaɓɓiyar baiwa, domin keɓantar ita ce asalin lamarin: tsibiri ce guda a tsakiyar ruwa.

Ya kamata a san cewa kalmar galahanga a bakin jama'a ta fi otizim faɗi. Akan kira yaron da aka haifa da lalurar Down da ita, haka wanda ya samu shanyewar gaɓoɓi saboda wahalar haihuwa. A karkara ma ba a cika jin ta ba. Sai dai a ce bebe ne, ko dolo, ko taɓaɓɓe, ko a ce ɗan ruwa ne. Kowane suna kuwa da hanyar da yake kai iyaye. Wanda aka ce bebe ne sai a haƙura da shi, wanda aka ce taɓaɓɓe ne sai a fara yawon neman magani.

Yadda aka fara gane ta

A 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11 da halayensu ba su yi kama da na wata lalura da aka sani ba. Bayan shekara guda Hans Asperger ya bayyana wasu yara maza a birnin Biyana na Ostiriya, waɗanda ke magana sarai amma ba sa iya zama da tsaransu. Tun kafin su biyun, a tsakiyar shekarun 1920, wata likita 'yar Tarayyar Sobiyet, Grunya Sukhareva, ta riga ta rubuta kusan irin wannan bayani, sai dai ba a waiwayi aikinta ba sai bayan an yi nisa. An daɗe ana raba lalurar gida-gida, har zuwa 2013 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai, daga wanda ke buƙatar ɗan tallafi zuwa wanda ba a iya barin sa shi kaɗai ko na sa'a guda.

Baiwar kuwa ta riga lalurar samun suna. A 1887 John Langdon Down, likitan da aka sa wa lalurar Down sunansa, ya ba da labarin wasu da ya kula da su a Ingila masu rauni a hankali amma masu hadda ta ban mamaki.

A Afirka, Victor Lotter na cikin waɗanda suka fara bin sawun lalurar. A 1978 ya wallafa sakamakon duba yara sama da 1,300 masu raunin hankali a ƙasashe shida, ciki har da Najeriya da Ghana, inda ya sami tara da alamunsu suka cika. Binciken da likitocin Najeriya suka yi daga baya, musamman Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Inugu, ya nuna abu guda da ke maimaituwa: yaran Afirka ba sa isa gaban likita sai sun girma, kuma mafi yawan waɗanda ke isa su ne waɗanda lalurar ta fi tsananta a kansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum ɗaya cikin 127 na da lalurar a faɗin duniya. A Amurka, inda ake duba yara tun suna goye, alƙaluman da aka fitar a 2025 sun nuna yaro ɗaya cikin 31 a tsakanin 'yan shekara takwas. Maza sun ninka mata sau uku zuwa huɗu a cikin waɗanda ake ganowa. Idan mai karatu ya ɗauki ƙiyasin Hukumar Lafiya ya ɗora a kan ƙananan hukumomin Rabah, Wurno da Goronyo, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su jimillar mutum kusan rabin miliyan, lissafi zai ba shi kusan mutum dubu huɗu. Lissafin alƙalami ne kawai, kuma da yawan jama'ar shekarun baya aka yi shi, amma ya isa ya nuna cewa da wuya a sami unguwar da babu ko ɗaya.

Mece ce baiwar, kuma su wa ke da ita

A 1978 Bernard Rimland ya tattara bayanan iyayen yara 5,400 masu galahanga, ya tarar da kusan kashi 10 cikin 100 an ce suna da wata iyawa ta musamman. A 2009 Patricia Howlin da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 137, suka sami kusan kashi 28 cikin 100, domin ma'auninsu ya fi faɗi. Ko wanne aka ɗauka, mafi yawan masu galahanga ba su da wannan baiwa. Haka kuma, a ƙiyasin Darold Treffert, likitan Amurka da ya shafe rayuwarsa yana nazarin lamarin har ya rasu a 2020, kusan rabin masu keɓaɓɓiyar baiwa ne kawai ke da galahanga. Sauran wata lalurar ƙwaƙwalwa ce ke tare da su. Kim Peek, wanda ya zaburar da aka shirya fim ɗin Rain Man na 1988, wanda kuma ya haddace dubban littattafai, an gano daga baya cewa ba galahanga ce ke damun sa ba: an haife shi ne babu jijiyoyin da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Fim ɗin dai ya riga ya dasa wa duniya zaton cewa duk mai galahanga gwanin lissafi ne, kuma har yau iyaye na shan tambayar, “To shi naku mece ce tasa baiwar?”

Abin lura shi ne baiwar ba ta cika fita daga fannoni biyar ba: kiɗa, zane, lissafi, sanin kalanda, da ƙwarewa a kan injuna ko taswira. A ƙarƙashinsu duka akwai hadda mai zurfi amma mai ƙunci.

Sanin kalanda ya fi kowanne ɗaure wa mutane kai, kuma shi ne ya fi sauƙin bayani. Kalandar Miladiyya tana da tsari mai maimaita kansa. Tsakanin 1901 da 2099, duk bayan shekara 28 ranaku na komawa inda suke daidai. Ranar 1 ga Oktoban 1960, da Najeriya ta sami 'yancin kai, Asabar ce. Haka 1 ga Oktoban 1988, haka 1 ga Oktoban 2016. Yaron da ya shafe shekaru yana zura wa kalandar bango ido, ba ya sha'awar wasan tsara, ba ya gajiya da maimaici, yana iya kama irin wannan tsari ba tare da wani ya koya masa ba, kuma ba tare da ya iya faɗin yadda yake yi ba. Wasu daga cikinsu idan aka ce su haɗa bakwai da takwas sai su kasa.

A fagen zane, Stephen Wiltshire ya fi shahara. An haife shi a Landan a 1974, iyayensa 'yan asalin tsibiran Karibiyan ne, an gano lalurarsa yana ɗan shekara uku, bai kuma yi magana sosai ba sai da ya kai tara. Malamansa sun lura ba ya son komai sai zane, sai suka riƙa ɓoye masa kayan zanen don ya nema da bakinsa. Kalmar da ya fara furtawa ita ce takarda. A 2005 an zagaya da shi samaniyar Tokiyo a jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana birnin da ka a kan takarda mai tsawon mita 10. A lissafi kuma akwai Daniel Tammet, wanda a Maris na 2004 ya karanto lambobi 22,514 na adadin da masana lissafi ke kira fai, a cikin sa'a biyar da 'yan mintoci.

A gida Najeriya, ranar 2 ga Afrilun 2025, wadda ita ce Ranar Galahanga ta Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007, an baje a Dandalin Eagle da ke Abuja zanen wani matashi ɗan shekara 15 mai lalurar, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke. Zanen ya kai murabba'in mita 12,304, ya fi filin ƙwallo girma, kuma ya shiga Kundin Bajinta na Guinness a matsayin zane mafi girma da mutum ɗaya ya yi a kan ƙyalle.

Akwai wani suna da littattafai ke yawan sakawa a farkon jerin, wanda ya cancanci a yi hattara da shi. Thomas Fuller mutumin Afirka ta Yamma ne da aka kama yana ɗan shekara 14 aka sayar da shi bawa a Birjiniya a 1724. Yana tsoho, wasu masu adawa da bauta suka tambaye shi daƙiƙa nawa ne a shekara ɗaya da rabi. Cikin kusan minti biyu ya ce 47,304,000. Suka ce mutumin da ya yi shekara 70 da kwana 17 da sa'a 12 fa? Ya ce 2,210,500,800. Mai bin sa da alƙalami ya ce ya yi kuskure, shi kuwa ya tunatar da shi shekaru masu kwana 366, aka sake lissafi aka tarar da gaskiyarsa. Babu wata shaida cewa Fuller na da rauni a hankali; rashin karatun boko kawai aka gani. Saka shi a cikin masu lalura ya fi nuna abin da mutanen zamaninsa ke zato game da baƙar fata. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da dillalin albasa a kasuwa yana lissafin buhu ɗari da la'adarsa da ka, ya san ƙwarewa a lissafi ba alamar lalura ba ce.

Daga ina take fitowa

Masana ba su tsaya a kan bayani ɗaya ba. Uta Frith da Francesca Happé sun nuna cewa ƙwaƙwalwar mai galahanga ta fi karkata ga ƙananan sassa a kan cikakken hoto: inda kowa ya ga masallaci, shi tagogi goma sha huɗu ya gani, da wadda gilashinta ya tsage. Laurent Mottron na Kanada ya ƙara da cewa ji da ganinsu na rarrabe sauti da siffa fiye da na sauran mutane. Treffert ya fi karkata ga cewa rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sa na dama ya ɗauki nauyi, yana kafa hujja da mutanen da baiwar ta zo musu bayan buguwa a kai, kamar Orlando Serrell da ƙwallo ta buga yana ɗan shekara 10 a 1979, ya wayi gari yana sanin kalanda. Sai kuma dalilin da ba ya burge kowa amma yake cikin kowane labari: maimaici na dubban sa'o'i.

Baiwar ba lallai ta dawwama ba. Nadia Chomyn, yarinyar da ta riƙa zana dawaki kamar ƙwararre tun tana shekara uku a Ingila, zanenta ya koma irin na kowane yaro kafin ta balaga, kuma ta rayu tana buƙatar kulawa har ƙarshen ranta.

Yadda gari ke kallon yaron

Gandi tsohon gari ne a Ƙaramar Hukumar Rabah, a gabashin Sakkwato, cikin yankin ribaɗoɗin Daular Usmaniyya, ba nisa da Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Ƙasa ce ta noma da kiwo da karatun allo, kuma ƙasa ce da ke girmama hadda. A Sakkwato ne Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986. Wannan al'ada tana da tasiri a kan yadda ake fassara yaro mai galahanga, ta hanyar da littattafan Turai ba su yi la'akari da ita ba.

Yara da yawa masu lalurar suna maimaita abin da suka ji kalma da kalma, da muryar mai maganar da karin harshensa, ko da ba su fahimci ma'anarsa ba. A makarantar allo irin wannan yaro na iya riga tsaransa wanke allo, malam ya yi alfahari da shi, alhali idan ƙishirwa ta kama shi ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Hadda ta rufe lalurar, sai a ce ai yaron na Allah ne, a bar shi. Ba ana nufin mahaddata masu lalura ne ba. Mahaddaci na gari yana fahimtar tambaya, yana wasa da 'yan'uwansa, yana cin kasuwa. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke iya karantowa da abin da yake iya nema wa kansa.

Tarbiyyarmu ma tana ɓoye wasu alamun. Likitan Turai yana tambaya ko yaro na haɗa ido da mutane. A ƙasar Hausa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba mai ladabi ne. Yarinyar da ba ta magana, ba ta fita, ta zauna a lungu tana tsince tsakuwa daga shinkafa na sa'o'i, yaba mata ake yi da kunya da natsuwa. Uwar ɗan fari kuwa, saboda kara, ba ta cika yi masa wasa a gaban mutane ba, kuma sau da yawa a hannun kaka yake tashi. Don haka tambayar da ta fi amfani a nan ita ce: idan yaron ya ga abin mamaki, raƙumi ko babbar mota, yana juyowa ya nuna wa wani don su gani tare?

Idan lalurar ta zo da ihu, buga kai a bango ko faɗuwa, sai fassara ta juya zuwa iska ko sammu. Farfaɗiya kuwa ta fi yawa a tsakanin masu galahanga fiye da sauran jama'a, kuma tana da magani a asibiti. Daga nan ne ake fara zargin kishiya, ko a ɗora wa uwa laifi har aure ya mutu. Turawa ma sun yi irin wannan zalunci: a shekarun 1950 da 1960 Bruno Bettelheim ya yaɗa cewa rashin ƙaunar uwa ne ke jawo lalurar, aka shafe shekaru kafin bincike ya rushe maganar. Inda abin ya fi muni shi ne ɗauri. A ƙarshen 2019 'yan sanda sun buɗe gidajen mari a Kaduna, Daura, Katsina da Zariya, kuma a Nuwamban shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a sassan Najeriya, har da yara. Yaron da ƙara ke firgita shi, mari da bulala ba sa ƙara masa komai sai firgici.

Dalilai, alamu da inda za a nufa

Gado ne ke da kaso mafi girma. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan mutum miliyan biyu a ƙasashe biyar ya ƙiyasta tasirin ƙwayoyin halitta da kusan kashi 80 cikin 100, kuma idan an sami yaro ɗaya a gida, yiwuwar ƙanensa ya zo da ita ta kai kusan ɗaya cikin biyar. Tsufan iyaye, haihuwar bakwaini, wahalar naƙuda da ta hana jariri iska, da shan maganin farfaɗiya na balfurowet lokacin goyon ciki, duk suna ƙara yiwuwar. Allurar rigakafi ba ta jawo galahanga. Rahoton Andrew Wakefield na 1998 da ya haifar da wannan jita-jita an janye shi a 2010, an kuma soke lasisinsa na aikin likita.

Alamun da ya kamata su sa a nemi likita su ne: yaro ya shekara ba ya amsa sunansa, ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa, ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko kuma ya fara magana sannan ta ɗauke. Akwai takardar tambayoyi 20 da ma'aikacin lafiya ke yi wa iyayen yaro mai wata 16 zuwa 30, ba ta buƙatar na'ura ko gwajin jini. Amma a yanki irin gabashin Sakkwato matakin farko shi ne gwada ji, domin sanƙarau da ƙyanda na kurmantar da yara, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da shawarar jarirai na taɓa ƙwaƙwalwa, haka gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kowannensu na iya kama da galahanga daga nesa, kuma kowanne da tasa kulawar.

Ga mutumin Gandi, Wurno ko Goronyo, likitocin yara da na ƙwaƙwalwa suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a birnin Sakkwato da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. A birnin ne kuma makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman take. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga, kuma duk wanda ya ce yana da ita kuɗi yake nema. Magunguna irin risferidon suna rage fushi da cutar da kai ne kawai, a ƙarƙashin kulawar likita, domin suna sa ƙiba da kasala. Abin da ke aiki shi ne koyarwa ta yau da gobe: gajerun jimloli, hoto ko nuni ga wanda ba ya magana, tsarin yini da ba ya sauyawa, da koyar da wanka, sa tufafi da shiga bayan gida mataki-mataki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani horo na iyaye don wuraren da babu ƙwararru, wanda ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya bayarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma babba ma yana koyo.

Haɗari biyu sun keɓanci wannan yanki. Na farko ruwa. Yara masu galahanga da yawa suna sulalewa daga gida, ruwa na jan hankalinsu, kuma nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka ɓace. Ƙasar da ke da gulbi, fadamu, hanyoyin ban ruwa na madatsar Goronyo da rijiyoyi marasa murfi tana buƙatar maƙwabta su san yaron da suna, su san gidansu. Na biyu gudun hijira. A Yulin 2018 'yan bindiga sun kai hari Tabanni da ƙauyukan kewaye a gundumar Gandi, suka kashe sama da mutum 30, dubbai suka taru a sansani a garin Gandi. Yaron da sauya masa kwano ke hana shi cin abinci, a yi tunanin halinsa a aji guda da iyalai da yawa. Wanda ba ya iya faɗin sunansa ko na ƙauyensu, idan ya rabu da uwarsa a daji, rubutu a jikin rigarsa ne kawai zai yi magana a madadinsa.

Bayan ya girma

Temple Grandin ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku. Ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, kuma an ƙiyasta kusan rabin shanun da ake yankawa a manyan mayankan Arewacin Amurka suna bi ta hanyoyin da ta tsara. Ta sha bayyana cewa tana lura da abin da ke firgita saniya, inuwa ko ƙyallin ƙarfe, saboda ita ma haka take ganin duniya. Shawararta ga iyaye ita ce a mai da abin da yaro ya nace a kai sana'a. A ƙasar Rabah wannan na iya zama kiwo, tantance albasa da tafarnuwa, ɗinkin hula, saƙar tabarma ko gyaran waya, ayyukan da ke son haƙuri da ido fiye da surutu. Ɗan kasuwar da zai ɗauki irin wannan yaro ya sani zai sami wanda ba ya ha'inci, amma mai sauƙin cuta. Kada a bar masa ciniki ko bashi shi kaɗai. Kuma akwai bambanci tsakanin ba shi aiki da tara masa jama'a a bakin kasuwa ana jefa masa ranaku ana dariya. Blind Tom Wiggins, makahon bawa mai kaɗa fiyano da ya yi wasa a Fadar White House a 1860, ya tara wa iyayengijinsa dukiya mai yawa, ya mutu a 1908 a hannun masu riƙonsa.

Doka ta ɗan matsa gaba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A fiƙihun Malikiyya kuma, babin hajru ya daɗe da tanadin cewa wanda ba ya iya tasarrufi da dukiyarsa ba ya rasa gadonsa. Waliyyi ko wasiyyi ne ke riƙe masa, alƙali na sa ido. Uba na da damar naɗa wasiyyin tun yana raye, a rubuce, gaban shaidu.

Yaron farko a jerin Kanner, Donald Triplett, ya haddace waƙoƙi tun yana ɗan shekara biyu, yana kuma ninka manyan lambobi da ka. An kai shi gidan kula da yara yana ɗan shekara uku, bayan kusan shekara guda iyayensa suka ɗauko shi. Sun ware masa dukiya a hannun amintattu, ya yi karatu har kwaleji, ya koyi tuƙi, ya yi aiki shekara sama da 60 a bankin garinsu Forest, wani ƙaramin gari a Jihar Misisipi, inda mutanen gari kan gargaɗi baƙin 'yan jarida kada su kuskura su cutar da shi. Ya rasu a Yunin 2023 yana da shekara 89, a gidan da ya tashi a ciki.